Musayar Waƙa: Masako Nozawa da Aikin Aron Murya

Ɗan Bichi: Ƙafiyarmu ta yau "ya" ce. Bismillah.

Masako Nozawa nake waƙewa,
Gwanar Japan wajen aron murya.
A 1936 aka haife ta,
A Tokyo, birnin hayaniya.
Muryar Kitaro, yaron katun, ta riƙe a 1968,
Goku na katun Dragon Ball a 1986, ya zaga duniya.
Toriyama, mai zanen Dragon Ball,
Ya ji muryoyi, ya ware tata ɗaya.

'Yar Damagaram:

Goku namiji ne, sarkin dambe,
Yaya aka yi mace ta ɗauka, Yaya?

Ɗan Bichi:

Ƙanwata, yaro idan ya balaga,
Maƙoshi kan buɗe, amo ya sauya.
Shirin kuwa sai ya shekara goma,
Muryar mace na nan kamar jiya.

Mai Kunne: Yabo ya isa haka, ku shigo ɗakin ɗauka.

Afureko sunan aikin a can,
Zane a gaba, murya na bin baya.
Lambobin lokaci na gudu a allo,
Ba mai ce musu ku tsaya.
Makirufo uku ne, ko dai huɗu,
Mutum goma sha kan yi tarayya.
Ka faɗi naka, ka zame shiru,
Na bayanka ya shigo, ka ba shi hanya.
Takarda ta yi ƙaras, ciki ya yi ƙugi,
Takalmi ya yi ƙara, an ɓata tafiya.
Gwaji, gwajin ƙarshe, sannan ɗauka,
Minti 30 kan ci awa uku da gajiya.
Bakin zane ya rufe kana kan zance?
Ka ja numfashi inda bai dace ba, gaskiya.
Wani sa'in zanen ma bai kammala ba,
Sunan mai magana ke fitowa, shi za ka bi da idaniya.

'Yar Damagaram:

To Gohan da Goten, 'ya'yan Goku,
Su ma ita ce? Abin da wuya.

Mai Kunne:

Ita ce, Hajiya, uba da ɗansa
Suna hira, ita tana juya murya.
Sai in bakinsu ya haɗu lokaci guda
Ake ɗaukar kowa daban, a shirya.

Baban Lissafi: Kun manta da aljihu.

Sabon shiga yen 15,000 ne
A kashin shiri guda, haka ake biya.
Kalma ɗaya ka yi ko ɗari biyu,
Kuɗin bai ƙaru ko da ƙwaya.
Shi ya sa da yawa ke aikin kanti,
Kafin a ɗaga su sahun manya.

Ɗan Bichi:

A 2017 kundin bajinta na Guinness ya shaide ta
Kan wasan bidiyo, shekaru a jere, Goku ɗaya.
A 2023 Japan ta karrama ta,
Farau a sana'ar, ba hamayya.

Mai Kunne, baitinka na numfashi ya yi tsawo, karin ya karye. A sake ɗauka.