Insha'i a aji ko a kasuwar Gujungu?

Malamin Hausa: Assalamu alaikum. Na ji ana ƙorafi a kan aikin da na ba 'yan aji biyu na babbar sakandare. Ga matsayina: darasin rubutu da adabi da bai taɓa gona da kasuwa ba, wahalar banza ce. Shi ya sa na ce su je Gujungu ranar Lahadi, kowa ya saurari ciniki ɗaya tun daga tayi, da "albarka", da shigar dillali, har a sallama, ya rubuto shi da bakin masu cinikin.

Wani uba: Malam, ni kuɗin NECO zan biya, ba la'ada ba. Yaron nan tun yana goye ake zuwa da shi Gujungu. Abin da bai sani ba na kawo shi ya koya.

Malamin Hausa: Alhaji, ya san kasuwar, amma bai taɓa sa ta a takarda ba. Ita jarrabawar ma ai wasiƙa take tambaya, da insha'in labari, da karin magana, da kirari. Karin maganar da ke bakin dillalin shanu ta fi wadda nake rubutawa a allo rai.

Mataimakin shugaban makaranta: Ban ƙi ta taka ba, Malam, amma akwai littattafan da manhaja ta zaɓa, kuma daga cikinsu tambaya za ta fito. Zango gajere ne, aji a cike. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Yaron da bai taɓa wuce Ringim ba, littafi ne kaɗai ke fitar da shi daga ƙauye, ya nuna masa wasu mutane da wani tunani. In kullum gero da akuya zai rubuta, yaushe zai san duniya ta fi haka faɗi? Kada mu ce muna kusanto da karatu, mu ƙare da tsare yaro inda muka same shi.

Wata malama: Ranka ya daɗe, a bar maganar duniya tukuna. Lokacin ambaliyar 2022, mutum nawa a garin nan suka iya rubuta takardar koke da kansu? Gida akwai mai takardar sakandare, amma sai an fita neman marubuci. Haka takardar jinginar gona: a sa iyaka, a sa kuɗi, a sa shaidu, sai yaro ya tsaya yana cizon biro. Sai dai Malam, ka manta da 'yan mata. Ba kowane gida ne zai bar budurwa ta je Gujungu ba. Ni nawa waƙar daka na sa su rubuto daga bakin kakanninsu.

Tsohon hedimasta: 'Ya'yana, wannan gardama ba sabuwa ba ce. Magana Jari Ce don makaranta Abubakar Imam ya rubuta shi, amma a dandali muka fi karanta shi, dattawa na gyara mana. Da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, wasiƙun masu karatu na cikin abin da ta riƙa bugawa. Iyayenmu kuwa da ajami suke rubuta bashi, ba wanda ya ba su maki.

Wani uba: Baba, Allah ya ƙara girma, amma yanzu sai da kiredit biyar ake shiga jami'a.

Mataimakin shugaban makaranta: To Malam, kawo mini rubutun yara goma ranar Litinin, da na masu ƙoƙari da na 'yan baya. In na ga sakin layi da ƙa'idar rubutu sun gyaru, mu yi magana.

Wani uba: Kuɗin motar Gujungu fa, wa zai biya?