Camry 2008 ko 2010, wacce tafi ƙarko? Masana mota ku taimaka

Baban Ummi:
Slm jama'a. Dan Allah shawara nake nema, na daɗe ina tara kuɗi yanzu Allah ya kawo lokaci zan sauka daga mashin. Wani dillali anan Gombe ya nuna min Camry biyu, wannan da ake cewa Muscle, ɗaya 2008 ɗaya 2010, duk 'yan Kwatano ne inji shi. A ido wlh banga wani bambanci ba sai fitila da bamba, amma kuɗin 2010 ɗin ya haura sosai. Aiki na a Kumo yake kullum sai na je na dawo, wani lokacin kuma mu leƙa Bauchi da iyali. Shin shekara biyun nan ta kai a biya mata wannan kuɗin ko dai ado ne kawai?

Usta Tashan Dukku:
Wslm Baban Ummi. Ba ado bane, injin ne daban. 2007 zuwa 2009 injin 2.4 ne a cikinsu wanda ake kira 2AZ, daga 2010 suka koma 2.5 wato 2AR, giyar ma ta tashi daga biyar zuwa shida. Shi 2.4 na waɗancan shekarun an san shi da shan baƙin mai, matsalar ringin fistin ce, Toyota da kansu sun amsa laifin a Amurka har suka riƙa canza ma mutane fistin da ringi. To wacce aka gyara a can ka huta, wacce ba'a gyara ba ita ce ake lodo mana. Abun haushin ma ba lallai kaga hayaƙi a salansa ba, ƙasa kuma ba ɗigo, kawai ka zaro geji kaga mai ya sauka. Ga dashbod ɗinsu da ke narkewa yana danƙo, ka haɗa shi da ranar Gombe a watan Afrilu ka gani.

Amma abun da nafi so ka kiyaye shi ne, ba duk 2010 bace 2010. Ana ɗauko 2007 a canza mata bamba da fitilun gaba da baya a wanke ta tas ace maka 2010 ce. Ka leƙa ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba akwai lambar shasi, guda 17 ce, ka ƙirga zuwa ta goma. In kaga 8 to 2008 ce, in 9 ne 2009, ita 2010 harafin A zaka gani, 2011 kuma B. Sannan ka duba filtar mai, 2.4 ta gwangwani ce da ake murɗewa gaba ɗaya, 2.5 ta takarda ce da ake sakawa a cikin gidanta.

Abu Hanif:
Usta ya gama magana. Ni ganau ne, 2008 na saya ta hannu, mai motar ya rantse min bata shan komai. Sati uku da saye mun taso daga Bauchi bayan la'asar, muna wuce Alkaleri fitilar mai ta fara ƙiftawa, kafin in samu gefen titi naji ƙwas ƙwas daga gaba. Na zaro geji ya fito a bushe kamar an goge shi da tsumma, ga yara a baya ga maigida na kirana a waya. Sai janta akayi. Ƙarshe injin na sauke gaba ɗaya, kuɗin da na ɗauka na rage a wajen saye har da riba suka tafi.

Hajiya Maman Sadiq:
Ni dai tawa 2009 ce kuma shekara huɗu kenan lafiya lau, duk Juma'a yarona yana duba mai, in ya ɗan sauka a ƙara. Kuma na san wanda ya sayi 2011 ashe ruwa ta sha a can, wayoyin ta kullum cikin rikici. Ku daina tsorata bawan Allah, yaje da makanikensa ba na dillali ba a saka mata kwamfuta, a duba takardun kwastan.

Dan Bajoga:
Malam Kumo kullum a wannan tsadar fetur kuma Camry? Ka nemi Corolla 2006 ko 2007 ka huta, kayanta ko a ƙauye akwai.

Baban Ummi:
Nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Usta yanzu na dawo daga wajen, na ƙirga har sau uku dillalin na tsaye a kaina yana ta surutu. Ta 2008 ɗin 8 ce daidai, amma wacce yace 2010 lamba 7 na gani. Da na nuna masa sai cewa yayi wai shima haka aka kawo masa. Gobe in sha Allah zan biyo ta garejin ka bayan azahar, akwai wata a Tumfure da nake so mu je ka duba min.