Shafin Hugo yana buɗewa a waya amma babu ado ko hoto

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina Garwa, ina haɗa wa wani shagon ɗinki ɗan shafin intanet da Hugo (manhajar haɗa shafukan intanet), cikin Hausa da Faransanci. A kwamfutata ta Windows, idan na buga `hugo server` komai yana fita tsaf a localhost:1313 (localhost suna ne da kowace na'ura ke kiran kanta da shi). To amma masu shagon ta waya za su duba, shi ya sa nake son gwadawa a waya kafin in ɗora.

Na haɗa kwamfutar da hotspot na wayata, na ƙara `--bind 0.0.0.0` domin wasu na'urori su iya buɗe shafin, na ba Hugo izini a firewall (katangar tsaron kwamfuta). Shafin ya buɗe a wayar, sai dai rubutu ne tsura, baƙi a kan fari, babu launi, babu hoto ko ɗaya. Da na leƙa code ɗin shafin, adireshin fayil ɗin CSS (wanda ke ba shafi ado) yana nuni ne ga localhost:1313, wayar kuwa kanta take nema da wannan suna.

Da na sa `--baseURL` da adireshin IP na kwamfutar, ya gyaru. Matsalar ita ce adireshin yakan canza idan na kashe hotspot na kunna, sai in koma `ipconfig` in sake rubutawa. Wannan ba aiki ba ne. Na sa `relativeURLs = true` a hugo.toml (fayil ɗin saitin Hugo), hotuna suka dawo, CSS ɗin jigon (theme, wato tsarin adon shafin) ya ƙi sam.

Me zan canza a fayilolin jigon domin CSS ya fito a wayar, ko da adireshin ya canza? Na gode.