Durowar kuɗi tana ƙara amma ba ta buɗewa, in sayi wata ne?

Musbahu: Assalamu alaikum. Don Allah masu shaguna da masu haɗa kwamfuta ku taimaka min. Shagon kayan masarufi ne na yayana a Hotoro, ya bar min shi tun da aiki ya mai da shi Kaduna, kuma shi mutum ne da in aka kashe kuɗi sau biyu a kan abu ɗaya sai magana ta kai gaban Hajiyarmu. Watan jiya na sa manhajar ciniki a kwamfuta, na sayi firintar rasit da durowar kuɗi mai gida huɗu. Rasit yana fita lafiya lau, ita kuwa durowar sai ka ji ta yi ƙas ta tsaya, sai an sa makulli. Yaran shago biyu ne, yanzu makullin a jikinta yake wuni. Ga gidajen sun yi ƙunci, 'yan dubu sai na lanƙwasa su. Yaya zai zo ranar Juma'a. In sayi wata ne? Wace iri?

Malam Aminu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, abin da ya fi muhimmanci ba ka faɗa ba: wace firinta ce? Durowa ba ta da wutar kanta. Firinta ce ke tura mata wuta ta siririyar wayar nan mai kai irin na tarho, RJ11 ko RJ12, a ramin da aka rubuta DK. Wutar na jan wani ɗan ƙarfe a cikin naɗin waya, shi ke sakin ƙugiya, sifirin ya turo durowar waje. To akwai durowa mai 24V, akwai mai 12V, wato ƙarfin wutar da kowacce ke buƙata. Manyan firintoci masu takarda 80mm, irin su Epson TM-T20, 24V suke bayarwa. Ƙananan nan masu 58mm da yawansu 12V ne ko ƙasa da haka. In ka haɗa durowa mai 24V da ƙaramar firinta, za ka ji ƙarar amma ƙarfin bai isa ya saki ƙugiyar ba. Juya durowar ka karanta takardar da ke ƙarƙashinta, ka karanta abin da aka rubuta a adaftar firintar, ka kawo mana lambobin biyu.

Maman Ilham: Kafin a kai ga wuta, duba inda makullin ya tsaya. Matsayi uku gare shi: kulle, na lantarki, da buɗewa da hannu. In yana kan kulle, za ta yi ƙara ba za ta fito ba. Sannan in ka ɗora allon kwamfuta da firinta a kanta kuma kwanon jikinta siriri ne, yana lotsawa ya danne ta. Sauke komai ka gwada.

Musbahu: Ƙarama ce mai 58mm, na yar da kwalin. Amma wanda ya sayar min ya rantse suna aiki tare, kuma takardarta ta fi araha, shi ya sa na zaɓe ta. Ni ina ganin durowar ce jabu.

Malam Aminu: Ba jabu ba ce, tunda tana amsawa. Rantsuwar mai kaya ba ta ƙara wuta. Kuma kada wani ya ce ka sayi mai 12V ka huta: ranar da ka koma firinta mai 24V, naɗin wayar zai iya riƙa zafi har ya ƙone, wani lokaci ya tafi da ramin firintar.

Sadiku Kantin Kwari: Matsalar masu sayar da kayan nan ke nan, a miƙa maka kwali babu gwaji, gobe ka dawo a ce kai ka ƙona. Ga makullai, masu arahar sau da yawa makulli ɗaya ke buɗe durowa goma. Ni shawarata ka bar firintarka, ka sayi ɗan akwatin USB da ke buɗe durowa kai tsaye daga kwamfuta. Ya fi sauya firinta sauƙi.

Malam Aminu: Sadiku, akwatin nan sai manhajar ta san shi. Yana fitowa ne a kwamfuta a matsayin COM, wato wata irin mashigar haɗa na'ura, kuma ba kowace manhaja ke da wurin saita shi ba. Buɗewa ta firinta kuwa umarni ɗaya ne da manhaja ke tura wa firintar, wanda kusan kowa ya sani, 27, 112, 0, 25, 250, ko a shiga saitin firinta a Windows a zaɓi buɗe durowa bayan buga rasit. Musbahu, in dai sauyawa za ka yi, ga abin da za ka nema. Durowa mai faɗin 410mm, gida biyar na takarda, masu katangar da ake matsarwa. Dalilin lanƙwasa 'yan dubunka shi ne an ƙera tiren cikin durowar don dala: faɗin dala 66mm ne, namu na 100 zuwa 1000 kuwa 78mm. Ka tafi da dubu ɗaya a aljihu ka kwantar da ita a kowane gida kafin ka biya. Takardunmu iri takwas ne, gida biyar ba zai ɗauke su ba, don haka 1000, 500, 200 da 100 kowa da gidansa, na biyar a ba 50, sauran na leda su shiga gidajen sulalla tunda sulalla ba sa yawo. Maƙalan da ke danne kuɗi su zama na ƙarfe, na roba suna karyewa. Tayoyin da durowar ke gudu a kansu su zama masu boris na ƙarfe, don ƙurar hunturu tana cinye na roba. A samu tsaga a gaba ta zura rasit ɗin na'urar cirar kuɗi ba sai an buɗe ba.

Alhaji Ɗanjuma: Duk wannan na mene ne? Yanzu yawancin ciniki tiransifa ne. Ka cire makullin ka riƙe a aljihunka, shi ke nan. In an ɗauke wuta ma ai da makullin za a buɗe.

Maman Ilham: Alhaji, in ya fita sallah wa zai ba da canji? Amfanin buɗewa ta manhaja shi ne kowane buɗi yana da rasit da sunan wanda ya shiga. Batun wuta kuwa, a jona firintar a inbata tare da kwamfutar. Musbahu, ka kuma leƙa ƙasan durowar, wasu suna da ɗan hannu na buɗewar gaggawa. In akwai, ɗaure ta da kusoshi a jikin kanta, in ba haka ba duk wanda ya ɗaga ta ya buɗe.

Musbahu: Na gode ƙwarai. Amma gaskiya ba zan iya sauya firinta da durowa a lokaci ɗaya ba, me zan ce wa Yaya? Firintar ba ta taɓa ba ni matsala ba. Zan dai koma wurin mai kayan ya canza min durowar da irinta.

Malam Aminu: Irinta za ta yi abin da wannan ta yi. Lambobin nan biyu fa, har yanzu ba ka kawo ba.

Musbahu: Ina kasuwa yanzu Malam, in na koma shago zan duba in sha Allah.