Injin huɗata yana tashi idan an rufe cok, da an buɗe sai ya mutu

Mai Lambu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin injin huɗa mai shan fetur, irin wanda ake riƙewa da hannu biyu ana bin sa a baya, kuma shekara biyu ke nan yana yi mini aiki bai taɓa ba ni wahala ba. Da na gama aikin bara sai na ajiye shi har wata huɗu da ragowar mai a tankinsa. Makon jiya na fito da shi, na tarar yana tashi idan na rufe cok, amma da zarar na buɗe, ko na matsa totur, sai ya yi kamar zai ɗauka sannan ya mutu. Na sa sabon fulogi ban ga canji ba. Injin irin wanda baƙin mansa yake zaune daban ne, ba a gauraya shi da fetur. Shin wannan gyara ne da zan iya yi da kaina, ko kuwa injin ne ya fara lalacewa?

Tsohon Bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, domin injin da yake tashi yana juyawa da cok a rufe, wutarsa da ƙarfin matsinsa suna nan. Aikin cok shi ne rage iskar da ke shiga kafireto, wato inda ake gauraya fetur da iska, wanda hakan yake sa injin ya zuƙo mai da ƙarfi. Idan ba ya rayuwa sai da shi, to man da ke isa ciki ya yi kaɗan, kuma watanni huɗun nan da ka ambata su ne suka jawo. Fetur yakan fara canzawa tun daga kimanin wata guda: sashensa mai saurin kama wuta ya bi iska, ragowar ta yi kauri kamar ƙaro, ta liƙe a ƴan ramukan kafireto waɗanda wasunsu ba su kai kaurin allura ba.

Ka fara zubar da tsohon man gaba ɗaya. Ka rufe famfon mai, ka kwance notin da ke ƙasan kofin kafireto, ka duba abin da ya kwanta a cikinsa. Sau da yawa za ka ga datti mai launin ƙasa, wani lokaci har da ɗigon ruwa. A tsakiyar bututun da notin ya fito akwai jet, wato ƴar kusar tagulla mai rami. Ka fitar da ita da sukudireba wadda ta cika bakinta daidai, ka wanke da maganin fesa kafireto, ka hura iska, ka ɗaga ta ga haske har sai ka ga ramin ya fito zagaye tas. Ina roƙonka kada ka zura mata allura ko wayar ƙarfe. Tagulla tana da laushi, idan ramin ya faɗaɗa injin zai koma shan mai fiye da ƙima, yana baƙin hayaƙi yana ɓata fulogi, kuma wannan ba ya gyaruwa sai da sabon jet. Akwai kuma ƙaramin jet na silo, mai ba injin mai idan yana juyawa a hankali, wanda shi ne ya fi saurin toshewa, mutane kuma sun fi mantawa da shi. Wajen mayarwa ka lura da robar bakin kofin, idan ta bushe ko ta tsage ka canza ta.

Kafin ka taɓa komai ka zare hular fulogi, ka bari injin ya huce, ka yi aikin a fili nesa da wuta.

Manomiyar Rani ta amsa:

Bayanin Baba ya gamsar, sai dai ina ganin akwai abubuwa biyu masu sauƙi da ya kamata a duba kafin a kwance kafireto. Na farko shi ne tiyon mai da ƴar matatar da ke inda mai yake fita daga tanki: a zare tiyon daga jikin kafireto a tara kwano, idan man yana ɗiga maimakon ya zubo, toshewar tana can baya. Na biyu murfin tanki ne. Yana da ƴar kafar shan iska, kuma nawa injin ya taɓa yin aiki na minti goma yana mutuwa, na yi ta zargin kafireto, ashe ƙura ce ta toshe kafar. Ina sassauta murfin ya ci gaba da aiki.

Mai Lambu ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Mai yana zubowa sosai ta tiyo, don haka na bi matakan da Baba ya faɗa, na tarar ramin jet ya kusa rufewa. Yanzu injin yana tashi a ja na biyu kuma yana zama ba tare da cok ba. Sai dai na lura idan haƙoransa suka shiga ƙasa mai tauri sukan tsaya, alhali injin yana ci gaba da ƙara.

Tsohon Bakanike ya amsa:

Madalla. Wannan ta biyun ba ta injin ba ce, ta abin da ke kai ƙarfi ga haƙora ce. Ka cire hular fulogi, ka buɗe murfin gefe ka duba bel. Idan gefensa ya yi sheƙi, ko ya tsattsage, ko yana kwance sako-sako bayan ka damƙe hannun kuloci, to zamewa yake yi. Ka ɗan ƙara ɗaure wayar kulocin, in bai daina ba ka sayi wani mai lamba iri ɗaya. Idan gefe ɗaya ne kawai na haƙoran yake tsayawa, fil ɗin da ke riƙe su a jikin sandar da ke juya su ne ya karye. Ka kuma warware ciyawa da igiyoyin da suka naɗe sandar, domin suna cin robar da ke tsare man giya.

Tun da injin ya daɗe a ajiye, ka juye baƙin mansa yana da ɗumi ka zuba sabo, 10W-30 ko abin da littafinsa ya ce, injin yana tsaye a wurin da ba gangara. Matatar iska, in ta soso ce, ka wanke da ruwan sabulu, ta bushe sarai, ka ɗiga mata baƙin mai kaɗan ka matse. In ta takarda ce kada ruwa ya taɓa ta. A ƙasa mai tauri kuma kada ka nemi zurfi a bi ɗaya, ka fara da santimita 5 zuwa 8 sannan ka sake bi a gicciye. Ranar da za ka sake ajiye shi fiye da wata guda, ka juye tankin, ka bar injin ya yi ta aiki har ya mutu da kansa, sannan ka kwance notin kofin kafireto ɗan abin da ya rage ya tsiyaye.