Ƙwayoyin zawo a Dhaka: littafina ne ya tsufa?

Hauwa_Lab: Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a fannin gwaje-gwajen asibiti, malamina ya ba ni aiki kan zawo a birnin Dhaka na Bangladesh. Littafin da na gada wurin yayana ya ce ƙwayar cutar nan Shigella dysenteriae nau'i na 1 ce uwar atini, amma a rahotannin baya-bayan nan ko sunanta ba na gani. Ni ce ban fahimta ba?

Baba_Mai_Madubi: Wa alaikumus salam, 'yata. Littafin bai yi ƙarya ba, zamani ne ya wuce shi. Wannan ƙwaya ta yi ɓarna a ƙasar a shekarun 1970 da kuma 1984, amma tun wajen 2004 aka daina samunta a asibitin icddr,b, cibiyar binciken cututtukan zawo da ke Dhaka. Yanzu a dangin Shigella, nau'in flexneri ce kan gaba, nau'in sonnei kuma na ta ƙaruwa, kamar yadda ta saba yi duk inda ruwa da tsafta suka fara gyaruwa.

Dalilin da ya sa malaminki ya zaɓi Dhaka: tun 1979 asibitin ke ɗibar bayan gidan wasu majinyata bisa tsari yana gwadawa, daga 1996 kuma mutum ɗaya cikin kowane 50. Ni da na yi shekara talatin ina leƙa madubi, ban taɓa aiki inda rajistar sakamako ta yi shekara biyar ba a nema an rasa ba.

Ki duba kwalara ma, can labarin ya fi daɗi. El Tor, wani nau'in ƙwayar kwalara, ta taso daga Indonesiya a 1961, ta yi ta gogayya da tsohon nau'in har ya ɓace a farkon shekarun 1990. A ƙarshen 1992 sai ga baƙuwar ƙwayar kwalara, O139, daga Madras (Chennai a yau) ta Indiya. Ta kwantar da manya sosai, don jikinsu bai san ta ba, har aka ɗauka sabuwar annobar duniya ce. Sai ta lafa, ta ɗan leƙo a 2002, ta sake yin shiru. El Tor ɗin da ta rage kuwa ta koma yin dafi irin na tsohon nau'in da ta kora.

Dr_Sani: Baba, a gafarce ni, ƙari ɗaya. Lissafin asibiti na waɗanda ciwo ya kai su asibiti ne, ba na dukan gari ba. Ga shi mutane da yawa sun riga sun sha magani daga kemis kafin su iso, ƙwayar ta ƙi tsirowa a gwaji. Hauwa, ki rubuta "an daina samunta", kada ki ce "ta ƙare". Kuma ki ba juriyar magani shafi guda: ampicillin da Septrin sun daɗe da daina tasiri kan Shigella da yawa, maganin ciprofloxacin ma ya bi sahu.

Hauwa_Lab: Na gode. To El Tor ɗin nan ita ce tamu?

Baba_Mai_Madubi: Ita ce. Ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, kuma zuriyarta ce ke kawo mana amai da gudawa da damina. Littafin yayanki kuwa, ki ajiye shi don babin tarihi, ki nemi na bana.