Muhawara: A Miƙa Wa Ɗan Ƙwace Waya Ko A Tsaya A Kare Ta?

Mai Sayar da Waya: Jama'a, ra'ayina shi ne duk wanda 'yan ƙwacen waya suka tare ya miƙa musu ba tare da turjiya ba, ya taimaka wajen ƙara musu ƙwarin gwiwa. Tun a watan Mayun 2023 majalisar tsaron jihar Kano ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami, amma abin bai tsaya ba, domin yaran nan sun gane cewa da zarar sun zaro wuƙa kowa zai watse. Kuma hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada.

Malamin Islamiyya: Alhaji, hadisin ingantacce ne, har ma a ruwayar Muslim daga Abu Huraira an ce wa mai tambaya kada ya ba da dukiyarsa, idan kuma aka yaƙe shi ya yi yaƙi. Sai dai malamai da yawa sun bayyana cewa kare dukiya halal ne amma bai kai wajibi ba, don haka wanda ya miƙa wayarsa domin ya tsira da ransa bai aikata laifi ba, kuma bai dace a kira shi matsoraci ba. A ruwayar Nasa'i an fara da tunatar da maharin tsoron Allah, sai neman taimakon Musulmin da ke kusa, sai hukuma, kafin a kai ga faɗa.

Ma'aikaciyar Jinya: Allah ya saka wa Malam da alheri. Alhaji, da za ka ga abin da muke gani a sashen gaggawa cikin dare, da ka sassauta. An taɓa kawo mana wani saurayi da aka soka a ƙasan haƙarƙari, rigarsa ta jiƙe sharkaf, hannunsa kuma yana damƙe da wayar da gilashinta ya tsage, wadda ko dubu arba'in ba za ta yi ba. Waɗannan yaran galibi a buge suke da ƙwaya, su uku ko huɗu a adaidaita sahu, kuma sukan fara suka kafin su yi magana. Mutum ɗaya da hannu biyu ba zai iya da su ba.

Mai Sayar da Waya: Hajiya, ban ce mutum ya tari wuƙa da ƙirjinsa shi kaɗai ba. Abin da nake nufi shi ne idan aka yi ihun ɓarawo jama'a su fito, idan an kama shi kuma a yi masa hukuncin da zai zama izina ga sauran, tunda sau da yawa wanda aka kai wa hukuma yau, jibi sai ka gan shi a unguwa.

Lauya: A nan ne na rabu da kai, ranka ya daɗe, domin ka haɗa abubuwa biyu da doka ta raba. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya amince da amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata wajen kare rai ko dukiya, dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ma ta ba da wannan haƙƙi, da sharaɗin kada cutarwar ta wuce abin da kariyar ke buƙata. Amma da zarar an ƙwace makamin ɓarawo an ɗaure shi, haɗarin ya kau, kuma duk wanda ya kashe shi bayan haka zai fuskanci tuhumar kisan kai. Mu kuma tuna da Uromi ta jihar Edo, inda a watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 da ke hanyarsu ta komawa Kano bikin Sallah, bisa zargin da babu kotun da ta saurara. Waɗanda suka aikata hakan ma cewa suka yi unguwarsu suke karewa.

Malamin Islamiyya: Haka yake a shari'a, zartar da haddi aikin alƙali ne bayan an tabbatar da laifi da shaidu ko iƙirari, taron jama'a ba shi da wannan hurumi.

Mai Sayar da Waya: Na yarda da batun wanda aka riga aka kama, kuma abin da ya faru a Uromi ya girgiza ni. To amma Barista, idan muka miƙa shi ga 'yan sanda, wa zai bar shagonsa ya riƙa zuwa kotu ba da shaida, alhali abokan yaron sun san ƙofar gidansa? Wannan ita ce tambayar da nake so masu unguwanni da kwamitocin tsaro su amsa mana.